A Saki ko A Soya? Rigimar Masu Fatsar Kifin Bass a Amurka

Me zai sa mutum ya bar gida tun asuba, ya zuba wa jirgi mai, ya wuni a rana yana jefa fatsa, sai da ya samu kifin da ya kai kilo 4, ya ɗaga shi a ɗauki hoto, sannan ya sunkuya ya mayar da shi ruwa? Duk wanda ya tashi a inda kifi abinci ne, wannan ce tambayar da ke zo masa in ya ga bidiyon masu fatsar Amurka. Wasu su ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, wasu su ce tausayin dabba ne. Babu wadda ta kai ga gindin maganar a cikin amsoshin biyu.

A can Amurkar ma ba a rabu da wannan gardama ba. Akwai masu kallon duk wanda ya tafi gida da bass a matsayin mai kashe tafki. Akwai kuma jami'an kula da kifi na jihohi da ke roƙon jama'a su riƙa ɗauka suna ci, domin yawan saki ya fara ɓata wasu ruwaye. Kowane ɓangare yana da gaskiya a wani ruwan, ba shi da ita a wani. Abubuwa uku ne ke raba gardamar: wane ruwa ne, kifin girmansa nawa, kuma a wane hali aka fito da shi.

Wane kifi ne bass?

Kifin ruwan daɗi ne, asalinsa Arewacin Amurka. Ba giwan ruwa ba ne, ko da yake a hoto suna ɗan ɗibar kama saboda faɗin baki da ƙayoyin gadon baya. Giwan ruwa kan haura kilo 100, shi kuwa bass in ya kai kilo 10 ya shiga tarihi. Iri biyu aka fi nema. Akwai mai babban baki, kore da baƙin zane a gefe, mai son ruwa mai ɗumi da ciyayi. Akwai mai ƙaramin baki, ruwan ƙasa-ƙasa, mai son ruwan sanyi da duwatsu. Dukansu mafarauta ne, ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwari suke ci.

Halaye biyu na kifin nan su ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Na farko, mace ce ke girma. Kusan duk bass ɗin da ya wuce kilo 3.5 mace ce, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta kai haka. Na biyu, namiji ne ke gadin gida. In sanyi ya wuce, ruwa ya kai kamar digiri 15 zuwa 18, namiji kan share wuri da wutsiyarsa a ruwa marar zurfi, mace ta zuba ƙwai ta tafi, shi ya zauna yana kaɗa musu ruwa yana korar masu ci har su ƙyanƙyashe su fara yawo. A Fulorida wannan kan fara tun Janairu ko Fabrairu, a Kanada sai Mayu da Yuni.

Da can ci ake yi

Ranar 2 ga Yuni 1932, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama bass mai nauyin kilo 10.09 a tafkin Montgomery da ke jihar Jojiya. An auna, aka rubuta, ya kai gida iyalinsa suka cinye. Har yau ba a ture wannan nauyi daga kundin duniya ba. A zamaninsa babu wanda ya ga laifinsa, domin haka kowa ke yi.

Wanda ya juya al'amarin wani dillalin inshora ne daga jihar Alabama, Ray Scott. A 1967 ya shirya gasar fatsa ta kuɗi a tafkin Beaver na jihar Arkansas, a 1968 ya kafa ƙungiyar masu fatsar bass mai suna B.A.S.S. Gasannin farko matattun kifaye ake kawowa sikeli, a tara su tuli a bakin ruwa. Ana rabar da naman ga mabuƙata, amma hakan bai hana mutanen garuruwan ganin cewa baƙi sun zo da manyan jirage sun kwashe musu tafki ba. Scott ya gane cewa in aka ci gaba a haka, jihohi za su rufe wa gasarsa ƙofa. Ya kuma ga yadda masu kamun wani kifin ruwan sanyi a Kolorado ke sakin abin da suka kama suna murna. A 1972 ya fito da kamfen ɗin "kar ka kashe abin da ka kama", aka yi gasar farko ta saki a Fulorida a wannan shekarar. Aka riƙa ƙara maki a kan kifi mai rai, daga baya aka koma rage maki a kan matacce, masu ƙera jirage kuma suka fara saka tankin ruwa mai famfo a cikin jirgi don a ajiye kifi da ransa.

Talabijin ta ƙarasa aikin. Yaro ya ga gwaninsa yana sakin kifi, shi ma ya saki. Zuwa shekarun 2000, binciken da aka yi a wasu tafkunan Teksas da Fulorida ya nuna ana sakin sama da kashi 90 cikin 100 na kifin da doka ta yarda a ɗauka. Ke nan al'adar da farko ba daga tausayi ta fito ba, daga kare sana'a da suna ta fito, sannan ta zama ɗabi'a, har ta zama kamar aƙida.

Hujjar masu saki

Babbar hujjarsu lissafi ce. Tafki kan samar da dubban ƙananan bass kowace shekara, amma manya ƙalilan ne, kuma in an cire ɗaya sai an jira shekara 8 ko 10 kafin wata ta maye gurbinta. A arewa inda ruwa ke daskarewa, girman ya fi haka jinkiri. Babbar mace ta fi zuba ƙwai da yawa, kuma ita ke ɗauke da jinin girma. Wanda ya soya ta ya ci sau ɗaya. Wanda ya sake ta, mutum biyar na iya kama ta bayansa, kowanne ya sayi lasisi, ya sayi mai, ya kwana a masauki, ya ci abinci a garin.

Wannan kuɗin ba ƙarami ba ne ga hukumomi. Tun 1950 akwai dokar tarayya da ke ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, a raba kuɗin ga jihohi don kula da ruwaye, ga kuma kuɗin lasisi. Shi ya sa jihohi ke lallashin masu manyan kifaye. Teksas ta fara shirin ShareLunker a 1986: wanda ya kama bass mai kilo 5.9 zuwa sama a lokacin haihuwa zai iya ba hukuma aronta da rai, a kai ta cibiyar ƙyanƙyasa, a zuba 'ya'yanta a tafkuna. Fulorida tana da TrophyCatch tun 2012, inda ake ba da kyauta ga wanda ya ɗauki hoton kifi mai kilo 3.6 zuwa sama a kan sikeli ya sake shi.

Akwai hujja ta uku da ba kowa ya sani ba. A wani dogon gwaji da aka soma a tafkin Ridge na jihar Illinois a shekarun 1970, David Philipp da abokan aikinsa sun nuna cewa saurin cizon ƙugiya gado ne. In aka yi ta kwashe masu zafin nama, sai a bar zuriyar masu ɗari-ɗari. Kuma mazan da suka fi cizo su ne suka fi tsare gida.

Wanda aka saki, ya rayu kuwa?

Nan ne masu saki da yawa ke yaudarar kansu. Kifi ya kaɗa wutsiya ya nutse, mai fatsa ya ce ya tafi lafiya. Sau da yawa mutuwar ba nan take ba ce, sai bayan kwana biyu zuwa biyar, a inda ba wanda ya gani. A 1998 wani masani, Gene Wilde, ya tattara sakamakon gasanni masu yawa, ya tarar in aka haɗa waɗanda suka mutu kafin awo da waɗanda suka mutu bayan saki, sun wuce kashi ɗaya cikin huɗu. An samu gyara tun daga lokacin, kuma kifin da aka saki nan take a inda aka kama shi ya fi wannan rayuwa nesa ba kusa ba. Amma abubuwan da ke kashe shi ba su canja ba.

Na farko wurin da ƙugiya ta shiga. In a leɓe ce ko a gefen baki, rauni ne kaɗan. In ta wuce maƙogwaro, ko ta taɓa jajayen zaren nan na ƙarƙashin kunne da yake numfashi da su, jini zai zuba, kuma kifin da ke zubar da jini daga nan ba kasafai yake tashi ba. Abincin fatsa mai rai, kamar tana ko ɗan kifi, shi ya fi jawo haɗiya, haka ma tanar roba in aka bar kifi ya daɗe da ita a baki kafin a fizga. Maganin shi ne a fizga da wuri, a yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa ciki wadda ke zamewa ta kama gefen baki, a kuma matse ƙayar bayan ƙugiya da filaya don ta fita da sauƙi. In ta riga ta yi zurfi, kar a yi ta ja. A yanke zaren daf da ita a bar ta. Fizgar ƙugiya daga maƙogwaro da ƙarfi ta fi barinta kisa.

Na biyu iska. Kifin da ya gama kokawa da fatsa kamar mutumin da ya gama gudu ne, sai kuma a toshe masa hanci. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce kar ya wuce daƙiƙa 30 a waje. A shirya filaya da waya kafin a fito da shi, ba bayan an fito da shi a fara lalube ba.

Na uku yauƙin jikinsa. Wannan santsin shi ne rigarsa, shi ke tare ƙwayoyin cuta. Busasshen hannu, tawul, kafet ɗin jirgi da rana ta gasa, ko yashin bakin ruwa duk suna goge shi, bayan kwanaki sai farin rima ya fito a wurin. A jiƙa hannu, a yi amfani da raga ta roba marar ƙulli.

Na huɗu riƙo. Ana kama bass ta leɓen ƙasa, babban yatsa a ciki, kuma wannan ba laifi in kifin na rataye a tsaye. Ɓarnar tana zuwa ne in aka ɗaga shi a kwance da hannu ɗaya don hoto, nauyin jiki gaba ɗaya ya koma kan muƙamuƙi. Kifin da ya wuce kilo 2, hannu ɗaya a leɓe, ɗaya a ƙarƙashin ciki. Wanda muƙamuƙinsa ya goce zai yi iyo ya tafi, amma ba zai iya zuƙo abinci ba.

Na biyar zafi, kuma shi ne babba. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. A Yuli da Agusta, in ruwa ya wuce digiri 27, tankin jirgi kan zama tukunya. Masu kula sukan daina jawo ruwan saman tafki mai zafi kai tsaye, su bar famfo yana juya na ciki ba tsayawa, su sa ƙanƙara a rage zafin da kamar digiri 3 zuwa 5 ƙasa da na tafkin, ba fiye ba, don sanyin farat ɗaya ma kisa ne. Sukan zuba gishiri marar aidin, giram 5 a kowace lita, su kuma canja rabin ruwan kowane awa biyu zuwa uku don fitar da dattin da kifin ke saki. A ranar gasa, kifi biyar manya a tanki ɗaya na awa takwas, sannan layin awo a cikin jaka, sannan a zubar da su duka a bakin gaɓa ɗaya nesa da inda aka kamo su: ba abin mamaki ba ne a ga gawarwaki sun taso bayan kwana uku. Saboda wannan ne wasu gasanni, irin na Major League Fishing, suka koma auna kifi a cikin jirgi a sake shi a take, gasar ƙananan kwalekwale kuma hoto kawai ake ɗauka a kan allon awo.

Na shida zurfi. Bass yana da jakar iska a ciki wadda ba ta da hanyar fitar da iska da sauri. In aka jawo shi daga zurfin da ya wuce mita 6 ko 7, jakar kan kumbura, ciki ya yi tauri, ya kasa nutsewa, ya yi ta yawo a kife a saman ruwa. Sakinsa nan take, ko mayar da shi ƙasa da wani nauyi, ya fi. Akwai masu huda jakar da allura ta gefen jiki, amma wanda bai koya a hannun gwani ba hanta ko hanji zai soka.

Duk kifin da aka ga ba zai yi rai ba, in doka ta yarda da tsayinsa, ɗaukarsa gida ya fi jefa shi ga tsuntsaye. Mai fatsar da ya kama 40 a ranar zafi ya saki duka ba tare da kula ba, yana iya kashe fiye da wanda ya kama uku ya naɗe fatsarsa ya tafi.

Hujjar masu ɗauka

Ruwa kamar makiyaya ne, abin da zai iya ciyarwa yana da iyaka. Tun shekarun 1930 Homer Swingle na jami'ar Auburn a Alabama ya yi ta gwaji a kududdufai, ya nuna cewa dole a samu daidaito tsakanin bass da ƙananan kifayen da yake ci. Bass kan ci wajen kilo 10 na ƙananan kifaye kafin ya ƙara kilo 1. In ba a cire kowa, kuma kowace shekara ana haihuwa, sai baki ya fi abinci yawa. Sakamakon shi ne tafki cike da bass masu tsawon santimita 25 zuwa 30, manyan kai, ramammen jiki, ciki a shafe. Wanda bai sani ba zai ɗauka yara ne, ya sake su wai su girma. Ba yara ba ne. Wasunsu sun shekara huɗu ko biyar, yunwa ce ta tsugunar da su, kuma mayar da su ruwa ƙara wa wutar itace ne.

Alamar a bayyane take ga mai lura. Kana jefawa ana cizo, amma duk girmansu ɗaya. Ba ka ganin matsakaitan kifayen abinci, sai 'yan ƙanana ƙwarai ko manyan da suka fi ƙarfin bakin bass. Shawarar da masu kula da tafkunan gonaki a kudancin Amurka ke bayarwa ita ce a cire kamar kilo 9 zuwa 14 na bass a kowace eka duk shekara in ana zuba wa ruwan taki, kamar rabin haka ko ƙasa in ba a zubawa, kuma daga masu ƙasa da santimita 35 za a cira. In cunkoson ya riga ya yi nisa, a ƙara. Masu tafki da yawa sun kasa cika wannan adadi, ba don kifi ya ƙi cizo ba, sai don baƙin da suka gayyata sun ƙi ɗauka.

Sai kuma hujjar da ba ta buƙatar digiri: abinci ne, halal ne, doka ta yarda. Bass mai santimita 30 zuwa 35 daga ruwa mai tsabta farin nama ne mai daɗi. Ɗanɗanon laka da ake kuka da shi yawanci na manya ne da na ruwan ciyayi a lokacin zafi. In an yi niyyar ci, a buge shi a ka a take, a yanka ƙarƙashin kunne jini ya tsiyaye, a binne shi cikin ƙanƙara, a kuma cire fata kafin suya. Barinsa ya mutu a hankali cikin bokitin ruwan ɗumi shi ke lalata naman, kuma azaba ce da ba ta da dalili.

Abin da dokokin tsayi ke nufi

Akwai mafi ƙarancin tsayi, sau da yawa inci 12 ko 14, wato kamar santimita 30 ko 36, da iyakar kifi biyar a rana a jihohi da dama. Wannan ya dace da ruwan da haihuwa ta yi ƙaranci kuma ake ɗauka da yawa. A ruwan da ya cunkushe kuwa illa yake yi, domin yana kare waɗanda ya kamata a rage.

Don haka aka ƙirƙiro dokar tazara: a ɗauki ƙanana, a saki na tsakiya, a yarda da babba ɗaya. A tafkin Fork na Teksas, wanda ya shahara da manyan bass, duk mai tsawon inci 16 zuwa 24 dole a sake shi, kuma ɗaya tak za a ɗauka a sama da 24. Fulorida ta sauƙaƙa tata a 2016: biyar a rana, babu mafi ƙarancin tsayi ga mai babban baki, amma ɗaya kawai zai kai inci 16 ko fiye. Saƙon a fili yake, ku ci ƙanana ku bar manya. Matsalar ita ce dokar tazara ba ta aiki sai mutane sun ɗauki ƙananan da gaske. In kowa ya saki kowa, rubutu ce kawai a takarda.

Lokacin gadin gida shi ma yana da tasa gardamar. In aka ɗage namiji daga kan ƙwai na 'yan mintoci, ƙananan kifaye kan afka wa gidan, kuma in aka tafi da shi wurin awo gidan ya tafi ke nan. A arewa, inda lokacin haihuwa gajere ne, an ɗauki abin da zafi: yankuna da yawa na Ontario a Kanada ba sa buɗe kamun bass sai ƙarshen Yuni. A kudu kuwa, inda ake haihuwa na watanni, jihohi da yawa ba sa rufewa ko kaɗan.

Zaiba a cikin nama

Akwai dalilin lafiya da ya zo daidai da shawarar masana. Zaiba, sinadarin nan da masu haƙar zinariya ke kama gwal da shi, tana sauka a ruwa daga hayaƙin kwal ɗin da masana'antu ke ƙonawa da tsofaffin ma'adinai. Ƙananan halittu su ɗauka, ƙananan kifaye su ci su, bass ya ci kifayen, tana taruwa a kowane mataki. Gwargwadon shekarun kifi, gwargwadon abin da ya tara. A cikin tsoka take, don haka cire fata ko kitse ko doguwar suya ba sa rage ta. Tun ƙarshen shekarun 1980 Fulorida ke gargaɗi kan bass ɗin fadamar Everglades, kuma jihohi na fitar da jadawalin ruwa da ruwa na yawan abin da za a ci. Masu juna biyu, masu shayarwa da ƙananan yara su ne abin ya fi shafa, domin ƙwaƙwalwa mai tasowa take taɓawa.

Inda sakin ne laifi

Duk maganar da ta gabata ta gidan bass ce. A inda aka kai shi baƙo, lissafin juyewa yake yi. An shigar da shi Japan a 1925, a tafkin Ashinoko, daga nan ya bazu, har ya shiga Biwa, tafki mafi girma a ƙasar, ya far wa kifayen gida da masuntan wurin suka dogara da su tun kaka da kakanni. Daga 2003 lardin Shiga ya hana mayar da bass cikin Biwa, aka ajiye akwatuna a bakin ruwa don a riƙa zubawa, a 2005 kuma dokar ƙasa ta hana shigo da shi, kiwonsa, ko ɗaukarsa da rai zuwa wani ruwa. A wannan tafkin ne Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a 2009, aka rubuta shi kunnen doki da na Perry saboda ratar ba ta kai abin da ƙa'ida ta nema ba.

Afirka ma ta ɗanɗana. An kai bass Afirka ta Kudu a 1928, an zuba shi a tafkin Naivasha na Kenya a 1929. A kogunan duwatsun yankin Kef na Afirka ta Kudu ya cinye ƙananan kifayen da ba a samun su ko'ina a duniya, har a 2012 hukumomi suka zuba maganin kashe kifi a wani yanki na kogin Rondegat don kawar da mai ƙaramin baki, kifayen gida suka dawo. Mai karatu zai tuna da ɓarnar da giwan ruwanmu ya yi wa kifayen tafkin Biktoriya bayan an kai shi a shekarun 1950. A cikin Amurkar kanta, a kogin Kolumbiya na arewa maso yamma, an cire iyakar adadin bass da za a ɗauka saboda yana cin 'ya'yan kifin salmon. Wanda ya saki bass a irin waɗannan ruwaye yana ganin ya yi alheri, wasu kifayen ya yanke wa hukunci.

Shin wasa da rai ne?

Ba daidai ba ne a tsallake wannan. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Birtaniya sun nuna kifi yana da jijiyoyin jin rauni a fuska da baki. Wasu masana, irin su James Rose, sun ce ƙwaƙwalwarsa ba ta da sashen da ke mayar da wannan ya zama zafi irin namu. Gardamar na nan, amma wasu ƙasashe ba su jira ta ƙare ba. A Jamus doka ta hana cutar da dabba ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma ci shi ne dalilin da aka fi amincewa da shi. Suwizalan ta hana mutum ya fita fatsa da niyyar sakin abin da ya kama. Abin da Ba'amurke ke gani ladabi, Bajamushe na ganinsa wasa da dabba. Musulmin da ya karanta fiƙihun Malikiyya ba zai ji wannan baƙo ba, domin malamai sun karhanta farauta don nishaɗi kawai, suka halatta ta don buƙata. Mayar da kifin da doka ta hana ɗauka, ko babbar mace don ruwa ya ci gaba da haihuwa, wani abu ne dabam, kuma yana da dangi a wurinmu: wurin da ake bikin kamun kifi na Argungu a kogin Matan Fada hana shi ake yi sauran shekara don kifi ya taru.

Wanda abin ke faɗawa a kansa

Mai jirgin dala dubu 70 ba shi ne ke shan harara ba. Mai tsayuwa a bakin gaɓa da bokiti ne, sau da yawa ɗan ƙauye, ko baƙar fata, ko baƙon haure da ya fito daga ƙasar da ba a wasa da kifi. Yana da lasisi, kifinsa uku sun cika tsayi, amma sai a ɗauke shi hoto a yaɗa ana zaginsa. Wannan zalunci ne, kuma jahilci ne, domin a tafkuna da yawa shi ne kaɗai ke yin abin da hukumar kifi ke roƙo. A ɗaya gefen, shi ma ya san cewa ƙaramin kududdufin unguwa mai eka biyu ba zai jure a kwashe manyansa ba, mutum uku masu naci na iya ƙarar da su a kaka ɗaya.

Ga 'yan uwa da ke zaune a Amurka ko Kanada masu sha'awar fita fatsa, lasisi na jiha ne, na wata jihar ba ya aiki a wata sai inda aka yi yarjejeniya a kan ruwan iyaka. Dokar tafki ɗaya kan bambanta da ta maƙwabcinsa, kuma ana rubuta ta a allon bakin ruwa da shafin hukumar. Ana auna tsayi ne da baki a rufe, daga leɓe zuwa ƙarshen wutsiya, a yawancin jihohi a matse wutsiyar. Sayar da bass ɗin da aka kama da fatsa haramun ne a kusan ko'ina, haka ɗibarsa da rai daga wani ruwa zuwa wani, kuma jami'in kula da namun daji yana da ikon duba abin da ka kama, ya auna, ya rubuta tara a kan kowane kifin da ya gaza ko da rabin inci ne.